ThinkPad T480 ta hannu a Birnin Kebbi: batir biyu, suna ɗaya, kaya iri-iri

Wanda ya shiga shagon kwamfuta a Birnin Kebbi neman laftof ta hannu, HP za a fara miƙa masa, domin ita ido ya saba da ita, kuma farin jikinta yana ɗaukar hankali. Lenovo ThinkPad T480 tana can gefen kanta, baƙa wuluk, mai kauri, da ɗan jan ɗigo a tsakiyar kibod, kamar ba ta damu a saye ta ba. A 2018 ta fito. Ma'aikatun Turai da Amurka suka mori ƙuruciyarta, suka sallame ta, ta biyo ta Legas da Kano ta iso nan. Ga ɗalibin jami'ar da ke Kalgo ko ta Aliero ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da mai shagon buga takardu, har yanzu tana biyan kuɗinta. Sai dai sunan T480 ya lulluɓe injuna daban-daban, kuma ba kowacce ce ta kai farashin da ake kira mata ba.

Batir shi ne babban dalilin sayenta a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Guda biyu gare ta. Na ciki ƙarami ne, 24Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne), a ɗaure da sukurori ƙarƙashin inda ake ɗora tafin hannu. Na waje ana zare shi da yatsa biyu ta baya, kuma kwamfutar ba ta mutuwa yayin da ake canza shi, saboda na cikin yana riƙe da ita. Na wajen iri uku ne, kuma lambar tana jikinsa: 61 shi ne 24Wh, 61+ shi ne 48Wh, 61++ kuma 72Wh. Manyan biyun suna da tozo, suna ɗaga bayan kwamfutar daga kan tebur, abin da ke ƙara mata nauyi a jaka amma yake ba iska hanyar shiga ta ƙasa. EliteBook 840 G5, tsararta ta HP, batir ɗaya gare ta a ciki. In ya gaji sai an kwance ta.

To amma batirin da ya shekara shida ko bakwai ba a yarda da shi da ido. Mai shago zai nuna maka kashi 100 a kusurwar sikirin ya ce, "Malam, ai wannan sai ka gaji da aiki." Kashi 100 na tulun da ya tsuke ba cikar tulu ba ce. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe takardar da ta fito. Za a ga kowane batir da ƙarfin da aka ƙera shi da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. In ƙarfin yanzu bai kai kashi 70 na na asalin ba, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. In batir ɗaya kaɗai ya bayyana a takardar, to na cikin ya mutu ko babu shi, kuma wannan ya zama ruwan dare. A shafa wurin ɗora hannu: in ya yi tudu, na cikin ya kumbura, a cire shi tun bai yi ɓarna ba. Zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40 a nan, yana tsufar da batir da wuri, musamman wanda ke kwana a jone da caji. A manhajar Lenovo Vantage akwai inda ake tsayar da cajin a kashi 80. Mai aiki a shago da sola ko janareta ya kunna wannan.

Yanzu ga inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. "Core i5 ce" ba bayani ba ne. Core i5 sunan cif ɗin da ke tafiyar da kwamfutar ne, kuma T480 ta fito da i5-8250U da i5-8350U, masu ƙwaƙwalwa huɗu, ta kuma fito da i5-7200U da i5-7300U, masu biyu kacal. Lambar farko bayan layin ita ce zubin: 8 ko 7. Bambancin ba na gudu kaɗai ba ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a hukumance Windows 11 ba ta karɓar waɗannan i5 na zubi na bakwai. Ana iya cusa musu ita ta bayan gida, masu shago sun iya, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Ita kuwa i7 da ake ƙara wa kuɗi sosai, a wannan jiki mai fanka ɗaya zafi ne ke riƙe ta kafin ta nuna bajinta. Mai aikin Word da Excel da intanet ba zai ga ranar ƙarin kuɗin ba.

Sikirin ma haka. Akwai mai 1366 a 768, dishi-dishi, wanda launinsa ke juyewa da zarar ka sunkuyar da murfin kaɗan, akwai kuma mai 1920 a 1080 wanda ke riƙe launinsa ta kowace kusurwa. Gwajin bai wuce daƙiƙa biyar ba: a buɗe hoton fuska, a kwantar da murfin baya, a duba ko fuskar ta koma kamar fatalwa. Ko mai kyan ma ba gwanin haske ba ne. A inuwar ɗaki lafiya lau, a rumfa da tsakar rana sai an matse ido.

Cajinta ta USB-C ne, kuma nan ne rauninta na gaske. Ramukan biyu suna gefen hagu, a like da bod, wato babban allon da'irar kwamfutar, don haka wanda ya saki ba a canza shi sai mai gyaran da ya iya walda mai kyau. A jona caja a kowanne, a ɗan girgiza kan wayar a hankali. In fitilar caji tana ɗaukewa, a ajiye wannan a duba wata. Akwai kuma matsalar da kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa a kanta: tsohuwar manhajar da ke tafiyar da Thunderbolt, wato fasahar saurin bayanai ta ɗaya daga cikin ramukan, tana yawan rubutu a kan wani ɗan ƙaramin cif har ya gaji, daga nan ramin ya daina aiki, ko caji ya koma tafiyar hawainiya, ko HDMI ya ƙi nuna hoto. Sabuntawa ce maganinta, muddin cif ɗin bai riga ya mutu ba. A duba lambar NVM, wato zubin manhajar cif ɗin, a manhajar Thunderbolt, a tabbata ta kai 20 ko ta wuce. In manhajar ba ta ga na'urar ba sam, wataƙila an makara.

Caja ta asali wat 65 ce ko 45. Ta jabu ana gane ta da rashin nauyi da kuma yadda linzamin taɓawa ke tsalle da zarar an jona ta. Alherin USB-C shi ne fawabank mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi na USB-C, da ke ba da bolt 20 yana cajinta, wanda a ranar da babu wuta ya fi ƙaramin janareta sauƙi. Na waya na yau da kullum ba zai yi ba.

Wajen gyara kuwa, sai dai a yaba. Gurbin ram, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, biyu ne, DDR4, babu wanda aka like, kuma a hukumance tana ɗaukar har 32GB. Yawanci da 8GB take zuwa; ƙara wani 8GB ɗin shi ne gyara mafi arha da ake jin tasirinsa nan take. Wasu suna zuwa da tsohon faifai mai juyawa, a canza shi da SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa. Kafin a buɗe ƙasanta, a shiga BIOS, wato saitunan da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, da F1 a kashe batirin ciki ta sashen Power, a zare na waje. Masu tsallake wannan mataki su ne ke ƙona bod da tsinin sukudireba. Bayan kowane hunturu fankar tana buƙatar shara, domin ƙura tana yin dam a bakin ƙarfen da ke fitar da zafi, kamar auduga. Kada a hura iska mai ƙarfi fankar tana sake, a danne ta da yatsa. Man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya shi ma ya bushe a yawancinsu, a goge a sa sabo kamar ƙwayar gero biyu. Kuma a daina ɗora ta kan katifa, ta ƙasa take shaƙar iska.

Kibod ɗinta na daga cikin mafi daɗin bugu a wannan aji, maɓallan suna da zurfi. A dai duba jerinsu: wadda ta fito daga Jamus Z da Y sun yi musayar wuri, wasu kuma an manna musu sitika a kai wadda ke ɓarewa bayan wata biyu. Mai rubuta Hausa ya ƙara tsarin kibod na Hausa da ke cikin Windows don samun ƙ da ɗ da ɓ. Lasifikarta ba ta da ƙarfi, kyamarar kuma ta wucin gadi ce.

Batun sirri yana farawa ne tun kafin a biya kuɗi, domin waɗannan injuna na ma'aikatu ne a da. A shiga BIOS a gaban mai shago, a canza wani abu a adana. In ta nemi kalmar sirri, ko saitunan sun ƙi taɓuwa, an kulle ta, kuma cire ƙaramin batirin bod ba ya buɗe T480. A sashen Security a duba Computrace, wanda ake kira Absolute: in yana kunne, tsohon mai ita na iya bibiyarta ko kulle ta daga nesa. Wata kuma sai an yi mata sabuwar Windows an jona intanet sannan ta fito da sunan wani kamfanin waje tana neman a shiga da adireshin ma'aikacinsa. Shi ya sa ya kamata a sake zuba Windows a shagon, da intanet a kunne, daga filashin da aka haɗa da manhajar Microsoft ta asali. Lasisin yawanci yana cikin bod ɗin, zai kunna kansa. Windows da Office da aka fasa, waɗanda ake cika mutum da su a matsayin kyauta, sukan zo ne tare da kashe Defender, manhajar tsaro ta Windows, kuma a kan wannan injin ɗin ne za ka shiga asusun bankinka. Yawancin T480 suna da ɗan marfi da ake ja a rufe kyamara, ban da masu kyamarar gane fuska. Ranar da za a kai ta gyaran sikirin ko kibod, a cire SSD ɗin a bar shi a gida. Mai gyara ba ya buƙatar hotunan iyalinka don ya canza maɓalli.

Farashi yana bin dala. Daga Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan hannu suka bi ta. A Birnin Kebbi akwai ƙarin kuɗin mota da ribar wanda ya ɗauko daga Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, amma ƙarin yana saya maka mutumin da za ka koma wa in ta ba da matsala, abin da mai saye ta WhatsApp ba ya da shi. Wadda ta cancanci cikakken kuɗi ita ce mai zubi na takwas, sikirin 1920 a 1080, SSD, batir biyu masu rai da BIOS a buɗe. Duk abin da ya gaza a cikin waɗannan, a rage masa kuɗi. A sa mai shago ya rubuta lambar injin da ke ƙarƙashinta a rasit, tare da adadin kwanakin gwaji, a kuma tabbata lambar ta yi daidai da wadda BIOS ke nunawa, domin in sun saɓa an taɓa canza bod ɗin.