C10 ta 1979: juya aksil ko sanduna huɗu, wanne ya fi?

Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce akori-kurarka Chevrolet C10 ce ƙirar 1979, kana so bayanta ya sauka kamar inci 5, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin filif kit (juya aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya) da fo-link (sanduna huɗu), ga shi wani lokacin kana ɗaukar ɗan kaya da ita. To Allah ya sa alheri, ga yadda nake ganin abin.

Ka fara leƙa ƙarƙashinta. C10 daga 1973 zuwa 1987 sifirin ɗin falle-falle gare ta a baya, kuma a saman aksil yake zaune, saɓanin na 1960 zuwa 1972 da galibinsu dogayen hannayen ƙarfe biyu ne masu riƙe aksil da sifirin mai murɗi. Shi ya sa bulok ɗin ƙarfe da ake sa wa irin su akori-kurar Datsun 620 tsakanin aksil da sifirin a saukar da su ba zai maka aiki ba, in ka cusa bulok a taka sama ma za ta ƙara yi.

Filif kit ba komai ba ne illa a ɗauke aksil daga ƙasan sifirin a mayar da shi sama, nan take bayan ya sauka inci 5 zuwa 6. Sifirin ɗinka na asali yana nan, wato ƙarfin ɗaukar kayanta bai tafi ko'ina ba, kuɗinsa da sauƙi, kuma yawancinsa aikin noti ne, bakanike mai hankali zai gama ba tare da ya yayyaga motar ba. Amma fa akwai inda mutane ke yin ganganci. Da ka juya, tazarar da ke tsakanin aksil da shasi ta zama 'yar kaɗan, ko ƙaramin rami ka faɗa sai ka ji ƙwal! a baya, ƙarfe ya daki ƙarfe, don haka dole a yanke shasin daidai saman aksil a yi masa lungu mai siffar C a ƙarfafa wurin da faranti mai kauri, sannan a canza shokzoba zuwa gajeru tunda dogayen za su riƙa ƙurewa. Kuma don Allah a duba kusurwar da farfela ke shiga aksil, in ta karkace za ka ji motar na karkarwa in ka ɗau gudu, kuros ɗin farfela kuma ya riƙa ci, ana gyara ta da 'yan siraran faranti masu gangara da ake sawa tsakanin aksil da sifirin.

Shi kuwa fo-link, sifirin ɗin ake cirewa gaba ɗaya, sanduna huɗu su riƙe aksil, nauyin motar ya koma kan koyiloba (shokzoba mai sifirin mai murɗi a jikinsa) ko jakar iska. Gaskiya ya fi daɗin tafiya in an saita shi daidai, kana iya ɗagawa ko saukewa, kuma in ka sa mata inji mai ƙarfi aksil ba zai riƙa murɗe sifirin taya na tsalle ba lokacin da ka taka. Sai dai kuɗinsa ya ninka, yawanci aikin walda ne da awo, kuskure kaɗan aksil ya zauna a karkace taya ta riƙa cinyewa gefe guda. In sandunan a jere suke sai an ƙara sandar Panhard don kada aksil ya riƙa zamewa hagu da dama. In kuma so kake ta kwanta ƙasa da jakar iska to har ƙasan bodin baya sai an yanka, wurin kaya ya ragu kenan. Kar a manta tankin mai na wannan ƙirar a gefen shasi yake ta waje, a sauke shi kafin mai walda ya kunna wuta.

Tunda inci 5 kake nema kuma kana loda mata kaya, ni filif kit zan ce ka saya, da yankan C da gajerun shokzoba a tare, kar ka sa ɗaya ka bar sauran sai wata mai zuwa. Ka saukar da gaban kamar inci 3 zuwa 4 don ta daidaita, sannan kafin ka hau titi a tabbatar tiyon birki da salansa ba sa gogar aksil.