Giyar bayan dogon baro: abin da na gani da hannuna a Tahoua

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi dogon baro irin nawa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ce masa nake yi ya saya, amma kada ya ƙirga ko dala ɗaya sai ya gwada giyar baya da hannunsa. Masu saye sun fi tsayawa kan fentin bodi, da ƙarar inji, da yawan buhun da zai ɗauka. Giyar baya kuwa ba mai waiwayarta sai ranar da ta ƙi shiga, ga kaya a sama, ga lungu ba wurin juyawa.

Nawa ƙirar Sin ne, injin 200, iska ke sanyaya shi, giya biyar gare shi. Ba ya aiki da sarƙa, kardan, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ne ke kai ƙarfi zuwa ƙafafun baya. A nan Tahoua na saye shi sabo, kuma dako nake yi da shi: simintin Malbaza daga shaguna zuwa wuraren gini, bulo, buhunan gero, jarkokin ruwa, da albasa idan kakarta ta yi. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ba na samun sukunin zama. Game da injin ba ni da ƙorafi. Yana tashi da wuri, ba ya shan mai fiye da kima, kayan gyaransa kuma akwai su a gari. Bodin ma da ƙwari, sai dai ƙofar baya da takan yi kwaramniya.

Giyar baya ce ta sa wannan abin hawa ya dace da garinmu. A tsofaffin unguwanni irin su Bilbis akwai lungunan da mota ba ta shiga, dogon baro kuwa yakan shiga har ƙofar gida, amma ba zai iya juyowa ba. Dole yadda ka shiga da gaba ka fito da baya. In babu ita, sai ka nemi samari su turo ka, ko ka sauke siminti a bakin hanya a ɗauka da ka, mai kaya kuma ya rage maka kuɗi.

To amma ita ce wurin da ya fi rauni a jikinsa, kuma sai ka ga cikinta za ka gane dalili. Injin dogon baro injin babur ne, ba a ƙera shi da giyar baya ba. Abin da aka yi shi ne, a daidai inda ake ɗaura ƙaramin farantin sarƙa a babur mai ƙafa biyu, nan aka ɗaura wani ɗan akwatin ƙarfe. A cikinsa akwai giya uku masu karkatattun haƙora. Ɗaya inji ke juya ta, biyun kuma suna fuskantar juna a kan sandar da ke fita zuwa kardan, wannan na juyawa ta nan, waccan ta can. Tsakaninsu akwai zobe mai haƙora da ke zamewa. Idan ka ja sandar hannu, zoben ya kama giyar wannan gefen, sai ka yi gaba. Ya kama ta ɗaya gefen, sai ka yi baya. Iyakar abin ke nan. Babu wani abu a ciki da ke daidaita gudun ƙarafan kafin su haɗu, irin wanda ke cikin akwatin giyar mota. Shi ya sa in ƙafafu na motsi ko kaɗan ne ka ja sandar, haƙora ke karo da haƙora.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan tayar mini da hankali, wanda kuma mai shagon bai ce mini uffan a kansa ba, ɗan littafin da ya zo da keken ma layi biyu kawai ya ba shi. Tunda akwatin nan bayan giyoyin inji yake, duk giya biyar ɗin suna aiki da baya. Wato yaro zai iya sa giyar baya ya taka ta biyu, ta uku, ya yi ta gudu. Abu mai ƙafa uku kuwa, in yana gudu da baya ka karya kan, kifewa yake yi, ba ya ba da gargaɗi. Na ga wanda hakan ta faru da shi kusa da tasha, Allah ya sa buhunan dusa ne a ciki, kafaɗarsa kawai ta gurɗe. A ganina wannan ba abin da za a bar wa direba ba ne. Ya kamata masu ƙerawa su sa abin da zai hana wuce giya ta ɗaya muddin sandar tana baya, masu sayarwa kuma su riƙa faɗa wa kowane mai saye baki da baki.

Ga yadda nake yi, haka kuma na koya wa ɗan ƙanwata da ke karɓar keken da yamma. Ka tsaya cak, ƙafa a kan birki. Ka matse kuloci har ƙarshe, ka saki totur injin ya kwanta. Ka ɗan dakata kamar numfashi biyu, sannan ka ja sandar har ka ji ta zauna. Giya ta ɗaya kawai, ka saki kuloci sannu a hankali. In sandar ta cije, kada ka doke ta, kada ka sa mata ƙafa. Haƙoran ne suka tsaya kai da kai. Ka ɗan saki kuloci kaɗan ka sake matsewa, ko ka girgiza keken gaba da baya, za ka ji ta faɗa da kanta. A kan gangara takan yi nauyi, don nauyin kaya yana danne haƙoran. Nan sai ka riƙe birki sosai, ka rage mata wannan dannewar kafin ka ja.

Matsalar farko da na fara gani da sanyin hunturu ne, wajen Disamba da Janairu. Da asuba sai ta riƙa gurzawa, ƙarrr, kafin ta shiga, da rana kuma lafiya lau. Ashe akwatin ba shi da laifi. Baƙin mai ne ke yin kauri da sanyi, farantan kuloci su manne, ko ka matse ba sa sakin juna gaba ɗaya, sai giyar ciki ta ci gaba da juyawa. Maganinta a bar inji ya ɗumama, a kuma duba wayar kuloci. Sakin da ke bakin hannun kuloci kada ya wuce milimita 10 zuwa 20. In ya wuce haka, a ɗaure wayar. Haka in an ɗaga ƙarar injin ta yi yawa alhali yana tsaye, gurzawar ba za ta daina ba sai an sassauta ta.

Ta biyu ta fi ban tsoro, amma ta fi sauƙi. Inji na kuka, ka saki kuloci, keke ko motsi, ba gaba ba baya. Mutane da yawa nan take sukan ce kuloci ya ƙone. Kafin ka yarda da haka, ka leƙa ƙasa ka bi ƙarfen da ya haɗa sandar hannu da akwatin. Girgizar hanyoyinmu na kwance notinsa, sai sandar ta yi tafiyarta amma zoben ya tsaya a tsakiya bai kama kowa ba. Sifana ɗaya ke gyara wannan. In ƙarfen na nan daram, to sai a duba inda akwatin ya shiga kan sandar inji, don haƙoran wurin ma sukan cinye.

Ta uku ce ta kai ni gareji. Ina ja da baya da simintin da bai kai abin da na saba ɗauka ba, sai sandar ta yi tsalle ta fita da kanta. Na mayar, ta sake fita. Sai da na riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan a kan kai, na fito daga lungun. Na kai wa wani dattijo mai gyaran babura da ke kan hanyar Ƙonni. Na ce, "Baba, ina jin akwatin nan ya gama yayinsa, a sa sabo." Ya ce, "Alhaji, bari mu buɗe tukuna, kada ka zubar da kuɗinka." Da ya buɗe, sai ya nuna mini wani ɗan sifirin da ƙwallon ƙarfe, waɗanda aikinsu riƙe zoben a inda aka sa shi. Sifirin ya saki. Ya kuma ɗora yatsana a kan haƙoran zoben, ya ce in ji bakinsu. Na gefen baya sun fara zama da sulɓi, kusurwarsu ta fara tafiya. Ya ce wannan aikin ja kafin a tsaya ne, in sun ida mulmulewa ko sabon sifirin ba zai riƙe su ba. Ya canja sifirin, ya wanke cikin akwatin, ya cika shi da sabon giris, kuɗin duka bai kai jikka biyar ba. Da na gaya wa ɗan ƙanwar tawa, sai ya ce, "Kawu, ranar kasuwa ce, mutane na yi mini oda a baya." Na ce su yi ta yi, tsayawar daƙiƙa uku ba ta hana kowa cin kasuwa.

Abin da ya ba ni haushi a wannan buɗewar shi ne ƙarancin giris ɗin da aka sa masa tun daga masana'anta. Ɗan shafe ne kawai, ya bushe ya koma baƙi, ga rairayi ya shiga ta robar bakin sandar. A gari mai zafi da ƙura irin namu wannan sakaci ne. Wanda ya sayi sabo, tun makon farko ya sa a duba masa. A kula kuma, ba duk akwatunan ne iri ɗaya ba: wasu giris ake sa musu, wasu man giya mai kauri irin 85W-90 da ake zuba wa akwatin ƙafafun baya. A tambaya kafin a zuba.

Kunne ma yana taimakawa. Bugu ɗaya, gau, daidai lokacin da ka tashi gaba ko baya, yawanci mahaɗar kardan ce ta yi sako-sako. Kuka mai tsawo da ke ƙaruwa da gudu, boris ne ko rashin mai. Gurza lokacin jan sanda kaɗai, ka koma kan kuloci. Akwai kuma 'yar ƙararrawar da ke kuka idan ana ja da baya. Tawa ta mutu da wuri, wayarta ce ta tsinke, na sa aka haɗa. Wasu da gangan suke cire ta don ta dame su. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin in kaya ya yi tsawo madubi ba ya nuna maka yaron da ke wasa a bayanka.

A cikin rairayi kuwa kada a sa mata rai da yawa. In ƙafa ta nutse, yin gaba da baya da sauri don a fizge keken shi ne abin da ya fi kashe zoben nan, ya kuma ƙone kuloci. Gara a rage kaya, a tone gaban tayar, a sa katako ko dutse.

In akwatin ya mutu gaba ɗaya, ana samun sabo a shagunan kayan babura, ɗaura shi kuma ba ya cin yini. Sai dai ka tafi da tsohon a hannu, domin ramukan noti da yawan haƙoran bakin sanda sun bambanta daga ƙira zuwa ƙira, mai shago kuma ba lalle ya karɓi wanda aka riga aka ɗaura ba. Ka ɗaga biyu ka ji nauyinsu, ka juya sandar da yatsa ka ji ko tana da wasa. Mai arhar da na taɓa riƙewa tun a shago yake kwaramniya.

Mai sayen na hannu kuwa, kada ya gwada shi fanko. A ɗora masa buhu biyar ko shida, a nemi wuri mai ɗan tudu, a hau shi da baya a giya ta ɗaya, hannu ba ya kan sandar. In ta yi tsalle ta fita, a cire kuɗin sabon akwati daga farashin. Sannan a sa a buɗe murfin, a lakato giris ɗin a murza shi a rana. In yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, haƙoran sun riga sun fara ci, ko da sandar na shiga lafiya a ranar.