Tsohuwar Africa Twin: Sabuwar Salansa ko Gyaran Shokoba?

Mai babur ɗin Honda XRV750, wato Africa Twin, wanda aka daina ƙerawa a 2003, yakan fara ɗokin sauya salansa. Gaskiya sabuwar salansa tana rage nauyi, ƙarar ma da daɗi. Amma da zarar hayaƙi ya sami hanya sosai, mai yakan yi wa injin ƙaranci, ya riƙa zafi yana tartsatsi in an saki totur. Dole bakanike ya buɗe kabireta biyun ya sauya jet, wato 'yan bututun da mai ke bi, kuma ƙarfin da za a samu bai taka kara ya karya ba.

Shokoba kuwa ita ke ɗauke da kai da kayanka. Bayan shekara 20 sifirin ya saki, man ciki ya koma baƙin ruwa mai wari, shi ya sa gaba ke nutsewa in ka danna birki. A sa sabon sifirin daidai nauyinka, a zuba man shokoba mai kaurin 10W, a sauya sil, wato robar da ke hana man zuba. Ka hau da kaya a auna: gaba ya sauka kamar milimita 65 cikin 220 ɗin da shokobar gaba ke iya sauka. In ya zarce haka, babur zai riƙa lilo cikin yashi.

Kuɗin abu ɗaya gare ka? Fara da shokoba.