Tarakta ta ƙi tashi: laifin wuta ne ko na mai?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana da Massey Ferguson 375, in ya murɗa makulli da safe ba ta tashi. Mai gyaran wuta ya ce kik ne, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, ya mutu, a sayi sabo. Bakanike kuma ya ce famfon injekta ne, wato babban famfon da ke tura mai cikin inji da ƙarfi, a kwance a kai Kano. Yana tambaya wa zai bi.

Malam, kafin ka fitar da ko sisi, ka murɗa makullin ka kasa kunne. Injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba? Ko kuwa ko juyawar ma ba ya yi, sai ɗan "ƙas" ko nishi a hankali? Nan ne hanya ta rabu. Injin gas ba shi da fulogi irin na motar fetur, matsar iska ce take kunna man. Aikin wuta a wajen tashi shi ne ta juya injin. Idan yana juyawa garau, ka bar maganar kik.

In ba ya juyawa, yawanci ɓangaren wuta ne, kuma galibi gyaransa ba tsada. Fara da kan batir. Wannan farin garin da ke taruwa a kai yana hana wuta wucewa ko da batirin sabo ne. Kwance, kankare har ƙarfen ya yi haske, ka ɗaure tam. Kada ka manta da wayar da ke tafiya daga batir zuwa jikin tarakta, ita ce aka fi mantawa da ita, tsatsa kuma can take ɓuya. Sai a sa mitar auna wuta: batir mai cike yana nuna kusan volt 12.6, idan kuma ana murɗa makulli ya faɗo ƙasa da 9.6, ya gaji. Bayan ta tashi ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, caji ne ba ya shiga, a duba fambel ko ya saki kafin a zargi altanato, na'urar da ke cajin batir. Akwai kuma makunnin kariya da ke hana kik aiki sai sandar giya tana firi. Shi ma yana lalacewa, sai ka ji shiru kamar batir ya mutu, alhali fitila tana kamawa lafiya.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya. Kada ka bari yaro ya tsaya a ƙasa ya haɗa kik da sukuddireba. In tana cikin giya za ta zabura, kuma babbar tayar baya ce za ta fara samunsa.

In kuwa yana juyawa bai kama ba, ka dubi bakin salansa yayin da ake murɗawa. Babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa. Farin hayaƙi yana fita, mai yana zuwa amma ba ya ci: ko sanyi, ko ruwa a cikin gas, ko ringin fistin sun ci, matsar iska ta ragu. Abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne iska ta shiga layin mai, musamman bayan tanki ya ƙare ƙaf a gona ko an canja filta. Maganinsa sifana ɗaya ce da haƙuri. Ka sassauta notin fitar da iska a kan filta, ka yi ta danna ɗan hannun da ke jikin ƙaramin famfon mai har kumfa ta ƙare gas ya fito zalla, ka ɗaure. Ka yi haka a jikin famfon injekta. Sannan ka sassauta bututun nozul biyu, wato masu fesa mai cikin inji, a murɗa makulli har mai ya tsarto, a ɗaure. Hannunka ya yi nesa da wurin, domin ƙarfin man yana huda fata. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, kik ɗin da yake lafiya zai ƙone.

Gas ɗin jarka da na tsohon duro yakan zo da ruwa da laka, filta ta toshe. Ƙurar hunturu kuma tana cika matatar iska, sai ka ga baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a wajen huɗa.

Wuri ɗaya ne ɓangarorin biyu suke haɗuwa. Taraktar da ake kashewa da jan waya ba ruwanta da wannan, amma wadda ake kashewa da makulli tana da ɗan makunnin wuta a jikin famfon injekta. In fiyus ɗinsa ya ƙone ko wayarsa ta tsinke, inji zai juya garau, mai ba zai wuce ba.

Ni dai ban yarda a kwance famfon injekta ba sai an gama duk waɗannan. Shi ne mafi tsada, kuma in aka mayar da shi ba a kan saitinsa ba, an ƙara maka wata matsalar. Tunda ka ce da safe ne take ƙi, zatona ya fi karkata ga batir mai rauni ko iska da ke shiga layi cikin dare. Gobe kafin a taɓa makulli, a danna ɗan hannun ƙaramin famfon mai tukuna. In ta tashi nan take, ka bi tiyo da washar filta ka nemo inda iskar take shiga.