Manhajar JANIS a ma'aunin teluriyam-130: inda take da ƙarfi da inda take barin ɗalibi shi kaɗai

Ɗalibin da ke tasowa daga Nima ko Zangon Madina ya hau trotro zuwa Kwabenya don karatun kimiyyar nukiliya, ba ya daɗewa malaminsa zai aike shi neman wata lamba, wato faɗin kamu. Ita ce ke nuna yiwuwar cibiyar ƙwayar zarra ta cafke niyutron idan ya zo wucewa, kuma ana auna ta da barn, wanda yake daidai da 10⁻²⁴ na murabba'in santimita. Ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa neman wannan lamba shi ne JANIS, manhajar da hukumar makamashin nukiliya ta NEA da ke Faransa ta ƙera. Kyauta ce, ba a biyan ko sidi ɗaya, kuma tana zuwa iri biyu: wadda ake buɗewa a intanet kai tsaye, da wadda ake saukewa a kwamfuta mai Java. Mun ɗora ta a kan aiki guda ɗaya don a ga iyakarta: teluriyam-130 ya kama niyutron ya koma teluriyam-131, shi kuma ya rikiɗe ya zama aidin-131, maganin da ake ba masu ciwon tayirod a asibitin Korle Bu.

Teluriyam ya dace da gwaji saboda ba shi da sauƙi. Wanda ake haƙowa daga ƙasa yana da aisotof takwas, wato ire-irensa da suka bambanta a nauyin cibiya. Mai lamba 130 ne ya fi yawa da kashi 34.08 cikin ɗari, sai 128 da kashi 31.74, sai 126 da kashi 18.84, sauran biyar su raba abin da ya rage. Da ka danna Te-130 a taswirar aisotof ta JANIS, sai kundayen lambobin da ƙasashe suka tantance su jeru a gefe: ENDF/B na Amurka, JEFF na Turai, JENDL na Japan, CENDL na Sin, da TENDL wanda ake fitarwa da lissafin manhajar TALYS. A nan ne ta fi burgewa. Cikin minti biyu za ka ɗora layukansu duka a zane ɗaya, ka yayyafa musu ɗigogin awon gaske daga rumbun EXFOR, ka matso da ido kan duk yankin da kake so. Wanda ya taɓa buɗe ɗanyen fayil na ENDF, wato tsarin da ake rubuta kundayen nan da shi, mai layuka masu gurbi 80 cike da lambobi, ya san irin wahalar da aka ɗauke masa.

Sai dai ka shiga da lambobin gida a kanka, domin manhajar ba za ta koya maka su ba. Lambar Te-130 a tsarin ENDF ita ce MAT 5255. Faɗin kamu yana sashen MF 3, kamun niyutron mai fitar da hasken gamma kuma shi ne MT 102. MT 1 jimla ce, MT 16 kuma na niyutron ɗaya ya shiga biyu su fita, wanda a Te-130 ba ya farawa sai ƙarfin niyutron ya kai wajen MeV 8.5, saboda haka ba ruwan mai aikin aidin da shi sosai. Wurin da za ka karanta shi ne eV 0.0253 (eV ma'aunin ƙarfi ne, MeV kuma miliyan ɗinsa), ƙarfin niyutron mai gudun mita 2200 a daƙiƙa.

A daidai wannan wuri tsofaffin tebura suna ba da kusan barn 0.29, sababbi kuma suna tsakanin 0.19 da 0.20. Tazarar nan ba ƙarama ba ce, ta kusa rabi. Mu sa ta a riyakta, wato injin nukiliya, ta Kwabenya, GHARR-1, ƙaramar tukunya ƙirar Sin mai ƙarfin kilowat 30 da 'yan kai, wadda ta fara aiki a 1994, aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa a 2017. Giram ɗaya na garin TeO₂, wato teluriyam haɗe da iskar oksijin, yana ɗauke da ƙwayoyin Te-130 kimanin 1.29 × 10²¹. A ramin ciki, idan ana aiki da rabin ƙarfi, kwararar niyutron tana wajen 5 × 10¹¹ a kowane murabba'in santimita cikin daƙiƙa. Da barn 0.20, ana samun kamu kusan miliyan 129 a daƙiƙa. Bayan awa biyu an tara ƙwayoyi wajen 9.3 × 10¹¹, kuma tunda rabin ran aidin-131, wato lokacin da rabinsa ke ruɓewa, kwana 8.02 ne, abin da zai fito bai cika megabekerel ɗaya (ruɓewa miliyan a daƙiƙa) ba, kusan 0.93. Da barn 0.29 lissafin zai ce 1.35. Ɗalibin da ya ɗauki tsohuwar lamba zai auna samfurinsa ya ga gibi, ya yi ta zargin ditekta ko hannunsa, alhali matsalar tana teburin da ya kwafa. Wannan lissafi kuma ya isa ya nuna cewa GHARR-1 ta koyarwa da bincike ce: majinyaci ɗaya yana bukatar ɗaruruwan megabekerel.

To wace lamba ce gaskiya? Nan ne JANIS take yin shiru, kuma nan ne muke son mai karatu ya tsaya. Idan ka ga layuka huɗu sun hau kan juna, zuciya takan ce shaidu huɗu sun yarda. Sau da yawa shaida ɗaya ce aka maimaita. Kundayen nan suna aron juna, musamman a aisotof irin na teluriyam da ba su da awo mai yawa, kuma akasari daga littafi guda na rezonans, wato tsinayen da kamu ke yi a wasu ƙarfafa, suke ɗebo lambar yankin sanyi, na niyutron masu ƙaramin gudu. Zanen ba ya gaya maka haka. Dole ka buɗe bayanin farkon fayil, wato MF 1 MT 451, inda masu tantancewa suka rubuta daga ina suka ɗauko kowane yanki da shekarar da suka yi aikin. JANIS tana nuna wannan rubutu, amma ta ajiye shi a lungun da sabon shiga ba ya leƙawa, ga shi da Turanci mai gajerun kalmomi. Da an sa shi kusa da zanen, da an rage kuskure mai yawa. TENDL kuma a kula da shi: yana da fayil ga dubban aisotof, har waɗanda ba a taɓa aunawa ba, kuma layin da lissafi kaɗai ya haifa yana fitowa sumul kamar wanda awo goma suka tabbatar.

Ɗigogin EXFOR su ma ba a haɗiye su haka nan. Kowane awo yana da lambar bayaninsa, kuma 'yan haruffan ƙarshe su ne komai. Idan ka ga 52-TE-131-G, awon na ƙasan Te-131 ne kawai, wato yanayinsa mafi ƙarancin ƙarfi, mai rabin rai na minti 25. Idan M ce, na aisoma ne, wato ɗan'uwansa mai ƙarin ƙarfi da ke daɗewa fiye da kwana guda. Wanda ya haɗa su a zane ɗaya da layin MT 102, wanda jimlar biyun ce, zai ga ɗigo can ƙasa ya ɗauka awon banza ne. Rabon da ke tsakanin biyun yana MF 9 ko MF 10, kuma ba kowane kundi ke ɗauke da shi ba. Haka MXW: yana nufin an ɗauki matsakaici a kan bazuwar Maxwell, wato yadda gudun niyutron ke bambanta a zafi guda, kuma ga cibiyar da kamunta ke raguwa daidai da ƙaruwar gudu, wannan matsakaici yana ƙasa da lambar mita 2200 da kashi 11 cikin ɗari, sai an ninka shi da 1.128 kafin a kwatanta. SPA kuma matsakaici ne a kan bazuwar wata riyakta, ba lallai irin ta Kwabenya ba. Manhajar tana kawo maka duk wannan a rubuce, amma ba ta hana ka kwatanta doya da rogo.

Akwai kuma gyaran tsofaffin awo. Mai awon shekarun 1960 ya dogara da lambar zinariya, wadda ake kwatanta awo da ita, da yawan gamma na zamaninsa. Yau zinariya-197 tana barn 98.65, kuma gamma mai keV 364.5 na aidin-131 yana fita a kashi 81 da ɗoriya cikin ɗari. Idan tsohon ya yi amfani da wasu lambobi, sai a daidaita sakamakonsa da na yau. Rabin ran aisomar Te-131 ma ya motsa: tsofaffin tebura sun ce awa 30, na baya-bayan nan sun kai shi wajen 33. Sashen ruɓewar JANIS yana da kyau wajen gano irin wannan, domin za ka iya buɗe kundaye biyu ka ga bambancin da idonka.

Tarko mafi muni yana jiran wanda ya sauke fayil ya shigar da kansa. Ana iya yin haka saboda tsadar data da ɗaukewar wuta, kuma dabara ce mai kyau, tunda manhajar tana bari ka gina rumbunka a kwamfutarka ka yi aiki ba intanet. Amma a ɗanyen fayil na ENDF, abin da ke MF 3 a yankin rezonans ba cikakken faɗin kamu ba ne. Sau da yawa sifili ne ko ɗan ciko, ainihin bayanin yana MF 2 a matsayin ma'aunan kowane tsini. Sai an gina layin daga waɗannan ma'aunai, sannan a faɗaɗa tsinayen daidai da zafin samfurin. Ana yin haka da NJOY, ta RECONR sannan BROADR, ko da PREPRO na IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ta LINEAR, RECENT, sannan SIGMA1, a zafin ɗaki wajen kelvin 293.6. Dukansu kyauta ne. Duk wanda ya ga kamun Te-130 ya faɗi sifili a yankin sanyi, kada ya rubuta shi a kundin digirinsa, bai sarrafa fayil ɗin ba ne.

Wani amfani da muka yaba shi ne saurin duba maƙwabta. Te-123 kashi 0.89 ne kacal, amma faɗin kamunsa ya haura barn 400, ga babban tsini a wajen eV 2.3. Ninka biyun, za ka samu kusan barn 3.7 daga cikin 4.7 na teluriyam ɗin ƙasa gaba ɗaya. Wato wannan ɗan mitsitsin shi ke cinye kusan kashi huɗu cikin biyar na niyutron da samfurin ke sha, kuma a samfuri mai kauri yana yi wa na ciki inuwa. Te-126 da Te-128 kuma suna ƙarewa a aidin-127 da aidin-129, waɗanda ke tsarma aidin-131, shi ya sa masu kasuwancinsa suke son Te-130 da aka tace. Duk wannan hoto yana fitowa a zane ɗaya na JANIS, abin da a da sai an yini ana juya littafi.

Ga wanda zai gwada lambar a Kwabenya, manhajar tana da wurin ɗaukar matsakaici a kan bazuwar da ka zaɓa, da wurin raba layi da layi don ganin bambanci a kashi cikin ɗari, kuma tana fitar da tebur da za a buɗe a Excel. Sauran aikin na hannu ne. Ana auna miligiram kaɗan na TeO₂, a liƙe shi da zafi a 'yar robar foliyetilin tare da wayar alminiyam mai kashi 0.1 na zinariya, a yi samfuri biyu, ɗaya tsirara, ɗaya cikin kadmiyam mai kaurin milimita ɗaya wanda ke tare niyutron da ke ƙasa da eV 0.55. Bambancin biyun shi ke ware kamun sanyi daga na rezonans, zinariyar kuma ta ba da kwarara ta gamma mai keV 411.8. Layin Te-131 mai keV 149.7 dole a ƙirga shi da wuri, domin bayan awa huɗu ya kusa ɓacewa. Kusa da shi akwai keV 159 na aisomar Te-123. Ditektar jamaniyam tana raba su, ta sodiyam ayodaid kuwa tana cuɗe su wuri guda. Layin 364.5 sai a jira kwanaki aisomar Te-131 ta zube cikin aidin, ko a sa gyaran a lissafi. Kuma a bar robar a liƙe har a gama ƙirga: aidin yana tashi kamar tururi, idan ya sulale sakamakon zai faɗi, a ɗora wa kundi laifin da ba nasa ba.

Fuskar manhajar tsohon yayi ce, tagogi kan tagogi, ba ta jin daɗin ƙaramin allo, kuma a waya ba a iya wani aikin kirki da ita. Mai tsohuwar kwamfuta ya tabbatar Java ɗinsa tana aiki kafin ranar da yake bukata. Shafin bayanan nukiliya na IAEA da ke Viyana ya fi ta saurin kawo cikakken rubutun EXFOR, saboda haka a riƙe su biyun tare: JANIS don zane da kwatance, na Viyana don karanta yadda aka yi kowane awo. Ga malamai da ɗaliban da ke aikin teluriyam, shawararmu ita ce a ɗauki lambar da ke kusa da barn 0.19 zuwa 0.20, a rubuta sunan kundin da bugunsa a gefenta, kamar ENDF/B-VIII.0 na 2018 ko JENDL-5 na 2021, a kuma faɗi ko jimla ce ko ta ƙasan Te-131 kaɗai.