Ubuntu ko Fedora ga ƴar tablet ɗin da ta ƙi ganin filash

Ɗan'uwa, na ga tambayarka jiya da dare, ka ce ka sawo Asus T100 tokumbo, ka haɗa filash ɗin Ubuntu don ka girka mata Linux amma ko a boot menu bai fitowa, shin ka nace ma Ubuntu ko ka koma Fedora. Filash ɗinka lafiya lau yake wallahi, kar ka yar da shi.

Matsalar daga cikin na'urar take. Waɗanga ƙananan masu Intel Atom Bay Trail da suka fito wajen 2013 zuwa 2015, furosesa ɗinsu 64-bit ne amma UEFI ɗinsu, wato manhajar cikin na'ura da ke tada su, 32-bit aka sa mai, kuma babu Legacy, wato tsohuwar hanyar tashi ta BIOS, balle ka zagaya ta baya. Ita na'urar fayil guda take nema, bootia32.efi, shi ko Ubuntu bootx64.efi ya aje mata, shi ya sa take yi kamar ba ka soka komai ba.

In Ubuntu ka nace ma, zai yi amma da wahala. Sai ka haɗa filash da manhajar Rufus a ISO mode don ya karɓi rubutu, ka samo bootia32.efi ka jefa cikin EFI/BOOT, ka kashe Secure Boot, sannan ta tashi. To wurin da mutane ke kuka shi ne ƙarshe, an kusa gamawa sai GRUB, manhajar da ke tada Linux ɗin, ya ƙi zama, dole ka sa grub-efi-ia32 da hannunka kuma wannan sai da intanet, ga shi Wi-Fi ɗin irinsu sau tari bai kamawa da farko. Ni na taɓa kwana kan wata a Mabera cikin Sakkwato lokacin zafin nan na Afrilu, ba wuta, caji na ƙasa, na jona wayata ta USB ina ba ta data ina share zufa da hular kaina, sai dab da asuba ta tashi da kanta.

Fedora ko tun 27 da ya fito a 2017 yake zuwa da fayil ɗin a ciki. Ka rubuta, ka soka, ka girka, shi ke nan. Abin da zan ja ma kunne kawai kar ka ɗauko na GNOME, wato mai fuskar allo mai nauyi, RAM ɗinka 2GB ne, zai riƙa jan ƙafa har ranka ya ɓaci, ɗauki na Xfce ko LXQt, su ba su da nauyi. Shi ma Debian ya iya wanga aiki tun 2015, amma ba shi ka tambaya ba.

Ni dai Fedora zan sa ma, tunda karatu za ka yi da ita kuma data ba arha ba. In ta tashi ka buɗe terminal ka buga cat /sys/firmware/efi/fw_platform_size, za ka ga 32, shaidar UEFI ɗinta 32-bit ne. Kuma ka bar kibod ɗinta a jone lokacin girkawa, tashar USB babba a jikinshi take.