Sacsayhuamán ko Machu Picchu: Wanne Ya Kamata A Fara?

Ɗan'uwa, ka ce kwana uku kacal za ka yi a birnin Kusko na ƙasar Peru, kana tambaya ko kufan tsohuwar daular Inka na Sacsayhuamán da ke bakin gari ya wadatar, ko kuwa ka daure ka je Machu Picchu.

Sacsayhuamán yana kan tudu a arewacin birnin, kimanin kilomita 2 daga babban dandali, kuma mai ƙwari yana iya hawa da ƙafa. Abin kallo a nan ganuwa ce hawa uku mai kama da haƙoran zarto, wadda aka gina da duwatsun da wasunsu suka haura tan 100, aka sassaƙe su aka haɗa ba tare da kwaɓin ƙasa ba, har ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. Sai dai wurin ya sha ɓarna, domin bayan yaƙin 1536, lokacin da sarkin Inka, Manco Inca, ya yi wa Kusko ƙawanya, Sifaniyawa sun kwashe ƙananan duwatsun sun gina gidaje da majami'u, suka bar waɗanda suka gagare su.

Machu Picchu kuwa gari ne sukutum, da ɗakunansa da gonakinsa hawa-hawa da magudanan ruwansa. An gina shi wajen 1450 a zamanin Sarki Pachacuti, kuma Sifaniyawa ba su taɓa kai ƙafa can ba. Amma zuwansa akwai ɗawainiya: mota zuwa Ollantaytambo, jirgin ƙasa zuwa Aguas Calientes, garin da ke gindin dutsen, sannan bas ta hau dutse da kai. Tikitinsa ƙayyadadde ne, da lokacin shiga a rubuce, kuma tikitin baƙi na Kusko, wanda ke shigar da mutum Sacsayhuamán, ba ya aiki a can.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tsawo. Kusko yana mita 3,400 sama da teku, Sacsayhuamán yana wajen 3,700, alhali Machu Picchu bai wuce 2,430 ba. Baƙon da ya sauka daga jirgin sama ya nufi ganuwar Sacsayhuamán nan take, haki da ciwon kai ne za su tarbe shi, ciwon da 'yan gari ke kira soroche. Saboda haka shawarata ita ce ka gangara Aguas Calientes a ranar farko ka kwana, ka shiga Machu Picchu da sassafe, sannan ka bar Sacsayhuamán sai rana ta uku, lokacin da jikinka ya fara sabawa. Idan kuma tikitin Machu Picchu ya ƙare kafin ka saya, ka haɗa Sacsayhuamán da kufayin Qenqo da Tambomachay, duk hanya ɗaya suke.